Yadda karfasar wani dattijo ta tsumbure a kandaminsa na Daɗin Kowa

Kandamin da zan yi magana a kai yana ƙasan dam ɗin Daɗin Kowa ne, cikin lambun wani dattijo ɗan fansho, ta wajen da ruwan kanal ke bi ya shiga gonakin shinkafa. Ga wanda bai san wurin ba, dam ne da aka tare kogin Gongola da shi tun shekarun 1980 a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kusan kilomita 40 daga Gombe in ka ɗau hanyar Biu, daga nan ake turo ruwan famfon cikin gari, ga kuma injin wuta mai megawat 40. Toh kun ga mutumin nan ruwa kam rani da damina yana da shi. Abin da ya same shi shi ne ya zuba karfasa ya ciyar da ita kusan shekara guda, ranar kwashewa aka janye ruwa sai ga kifi ba iyaka yana ta tsalle cikin laka, amma yawancinsa bai wuce faɗin yatsu uku ba, wanda ya kai tafin hannu ma sai an tona, masu gashin kifin da aka kira daga Gombe suka leƙa baho suka ce Allah ya ba da kasuwa suka hau motarsu.

Da can tarwada yake yi kamar kowa. Tsadar buhun abinci ce ta kore shi, sabida tarwada in ba ka ba ta fid, wato abincin kifi na buhu, mai kyau ba toh kai da riba sai dai ka ji a bakin wasu, shi ne wani ya ba shi shawara wai ya koma karfasa tunda ita dusa ma ta ishe ta, in ka watsa kashin kaji ruwan ya yi kore da kanta za ta riƙa tace abincinta a ciki. Kuma wannan shawarar gaskiya ce, babu ƙarya a ciki. Inda aka fara samun tangarɗa wajen iri ne. Maimakon ya nemi wajen masu ƙyanƙyasa, sai ya saya hannun yaran da ke jan gidan sauro a bakin dam, bokiti bokiti, da araha sosai, ba wanda ya ƙirga balle a ce an ware mace da namiji, aka juye cikin kandami ana murna an tsinci dami a kala.

A ƙarshen hunturu aka zuba. Watannin farko komai lafiya lau, in aka watsa dusa da safe ruwan har tafasa yake yi, kifi na ta girma. Da bazara ta kankama ruwa ya yi ɗumi sai yaron da ke gadin lambun ya fara ganin wasu ramuka zagayayyu a gefen da ba zurfi, kamar an danna ƙasan kwanon sha cikin laka an ɗauke, kowane rami da kifi ɗaya tsaye a kansa yana korar duk wanda ya matso. Bayan 'yan makonni kuma sai ga 'ya'ya baƙi ƙirin a bakin ruwa, gungu gungu. Baba Alhaji, wato dattijon mai kandamin, da ya gani cewa ya yi albarka ce ta sauka, ya ƙara dusa. Sannan akwai wata ɗabi'a tasa da ba wanda ya ɗauka a bakin komai a lokacin, duk ranar da ya yi baƙi ko iyali suka yi marmarin kifi sai a jefa birgi, a zaɓe manyan a kai gida, a mayar da ƙananan wai su ƙara girma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da aka kwashe aka ga abin da aka gani, zargi kan mai gadi ya fara sauka. Lissafin dattijon mai sauƙi ne, ya ce shi da idonsa ya ga kifi na girma, yanzu babu manya, toh ina suka tafi in ba wani ke kwashewa da dare ba. Yaron har da rantsuwa da kuka. Wani maƙwabcin lambu kuma ya ce dusar ce ba kyau, wani ya ce ruwan kanal ne ya zo da maganin feshin masu shinkafa. Ni ɗansa ne ya kira ni sabida ya san harkar kifi na karanta, na je na tarar an rage ruwa ya dawo iya gwiwa, kifin da ba a sayar ba yana nan a ciki.

Abin da na fara yi shi ne na sa aka kamo min ƙananan da ƙasan haɓarsu ya ɗan kumbura, waɗanda in ka lura ba sa zuwa cin dusa. Na riƙe ɗaya da ba ta wuce tsawon ɗan yatsana na tsakiya da kaɗan ba, na buɗe bakinta da babban yatsa na tsoma kanta cikin kofin ruwa na ɗan girgiza, sai ga ƙwai na zubowa, ruwan ɗorawa, kowanne milimita 2 zuwa 3, duka duka ba su cika cokalin shayi ba. Ta biyu da na buɗe nata sun riga sun ƙyanƙyashe, 'yan mitsi mitsi masu ido biyu da ƙullin gwaiduwa a ciki suna wutsil wutsil a ƙasan kofi. Baba Alhaji ya sa tabarau ya sunkuya ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Ɗana, wannan 'yar ficiciyar ita ce uwa?" Na ce ita ce Baba, kuma wataƙila ma jikar waɗanda ka zuba ce.

Ga yadda abin yake. Karfasar da aka fi kiwo, wadda asalinta ta kogin Nilu ce da su Neja da Binuwai da tafkin Chadi, tana fara hayayyafa da zarar ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 24, ka ga a ƙasar Gombe in ka cire tsakiyar hunturu kusan duk shekara lokacinta ne. Namijin ne ke haƙa ramin nan da bakinsa ya tsare shi, macen ta zo ta zuba ƙwai a ciki, ya zuba musu ruwansa, nan take ta tsince su ta cika baki ta yi gaba. A bakin za su ƙyanƙyashe, a bakin za su zauna har gwaiduwar ta ƙare, mako 1 zuwa 2 gwargwadon ɗumin ruwa, kuma ko bayan ta sake su in suka ga abin tsoro da gudu suke komowa ciki. Duk tsawon kwanakin nan kusan ba ta cin komai. Tana sakinsu ta ɗan ci abinci ta farfaɗo, bayan wata guda ko wata da rabi ta sake ɗaukar wani. Toh don Allah kifin da rabin rayuwarsa azumi yake, ɗan abin da ya ci kuma ƙwai yake komawa, da me zai yi tsoka? Shi ya sa namijin karfasa kan ninka mace saurin girma.

A kandami tana balaga cikin wata 5 zuwa 6, in wuri ya matse abinci ya yi kaɗan ma tana iya farawa tun tana 'yar ƙarama sosai, kuma wannan shi ne abin da mutane ba su cika ganewa ba, yunwa da cunkoso ba sa hana ta haihuwa, sai ma su sa ta yi sauri ta haihu kafin ta girma. Bari mu yi lissafi na misali kawai. A ce mata 200 ne cikin kandami, kowace ta zuba ƙwai 150, a zagaye ɗaya an samu 30,000 ke nan, ko ɗaya cikin goma ne ya rayu an ƙara baki 3,000 kan dusar da aka auna don 'yan ɗaruruwa, wata mai zuwa a sake, kafin wata shida 'ya'yan farko su ma sun fara nasu. Babu ɓarawon da ya shiga lambun nan. Abincin da ya kamata ya zama kilo a jikin kifi ɗaya ne ya rarrabu a cikin dubbai.

Maganar yawan ƙwai kuma tana bin girman uwa ne. Ƙiyasin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa shi ne mace mai giram 100 takan ba da ƙwai wajen 100 a zubi ɗaya, mai giram 600 zuwa kilo 1 kuma 1,000 zuwa 1,500. In ka gwada da tarwada wannan ba komai ba ne, tarwada mai kilo 1 tana iya ɗaukar ƙwai 50,000 ko fiye, amma ita sai damina in ruwa ya malala cikin ciyawa take fita da dare ta watsar da su su manne a jikin haki ta yi tafiyarta, cikin kwana guda da 'yan awoyi su ƙyanƙyashe, ƙwari da kwaɗi da 'yan uwansu su cinye mafi yawa. A kandami ma ba ta cika zubawa da kanta ba sai an yi mata allura an matse, shi ya sa mai kiwon tarwada bai san wannan ciwon kan ba, abin da ya zuba shi zai kwasa ko ƙasa da haka. Karfasa ƙwanta kaɗan ne amma tsaron da take ba shi ya sa asararsa kaɗan ce, Baba Alhaji ya shigo mata da tunanin tarwada ne.

Da muka baje kifin kan buhu sai wani abu ya sake fitowa, ashe ba iri ɗaya ba ne ma. Akwai ta Nilun, mai zane zane a tsaye a jikin wutsiya. Akwai wata fara fara mai faɗi wadda ita mace da namiji duka suke ɗaukar ƙwai a baki. Sannan ga mai jan ciki, wadda ba ta ɗauka a baki sam, liƙa ƙwanta take yi a ƙasa ko jikin dutse, ƙanana masu yawa har dubbai, uwa da uba su tsaya gadi, ita dama can ba ta wani girman kirki kuma ba ta da wasa wajen cika wuri. Wanda ya sayi iri a bokiti daga bakin dam duk wannan tarkacen ya saya, yaran da suka kamo ba su yi masa ha'inci ba, a wajensu karfasa karfasa ce.

Yanzu mu koma kan birgin baƙi. Duk sanda aka jefa aka zaɓe manya, su wa ake cirewa? Mazan da suka fi saurin girma da 'yan matan da suka yi jinkirin fara ƙwai har suka samu jiki. Su wa ake mayarwa? Waɗanda suka balaga da wuri suka tsaya. Wato wata da watanni dattijon nan da hannunsa yake tace kandamin yana barin masu tsumburewa su zama iyayen gobe. Da na faɗi haka shiru ya yi, sannan ya kira yaron ya ce ya yafe masa, a gaban mutane kuwa, wanda ba kowane babba ke iya wannan ba.

Ɗan nasa ya yi tambaya mai kyau, ya ce toh me ya sa a cikin dam ɗin ake samun manya alhali can ma haihuwar suke yi ba mai raba su. Wani tsohon masunci da ya zo sayen ƙananan don ya yi banda shi ya riga ni amsawa, ya ce, "Alhaji ai can akwai masu hukunci, tarwada na ci, ragon ruwa na ci, tsuntsu na ci, wanda ya tsira ya samu fili." Magana ta ƙare, ko a aji iyakar abin da za a faɗa maka ke nan sai dai a ƙara turanci. Kifin nan in ya samu sarari yana iya haura shekara 10 ya wuce kilo 5, a tafkin Turkana na Kenya ana samun mai tsawon fiye da santimita 60 kuma ba ta fara ƙwai sai ta haura santimita 30, jinsi ɗaya da wannan da ke ɗauke da ƙwai a tafin hannuna. Sai dai tsohon ya ƙara da cewa su ma yanzu manyan sun yi wuya, abin da ke shiga raga ƙanana ne kuma da ƙwai a bakinsu. Wannan bai ba ni mamaki ba don an taɓa ganin irinsa a tafkin George na Yuganda, da kamu ya yi yawa girman da karfasa ke fara haihuwa ya ragu. Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, ta hana guba da nakiya da lantarki, amma ku je bakin ruwa ku ga abin da ake ja, gidan sauron da aka raba don zazzaɓi shi ne koma. A ganina abin da birgin Baba Alhaji ya yi wa kandami shi ƙaramin ido ke yi wa dam, illa dai dam babba ne ba a gani da wuri.

Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne. Akwai wani farin kifi na ruwan sanyi, dangin salmon, a tafkin Konstans da ke tsakanin Jamus da Siwizalan da Ostiriya, shi halinsa kishiyar na karfasa ne, sau ɗaya yake zuba ƙwai a shekara wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba lokacin da ruwa ya yi ƙanƙara ƙanƙara, ya sake su dubbai cikin ruwa su nutse ƙasa ba mai gadi, sai bayan wata biyu ko fiye su ƙyanƙyashe. Su tasu yunwar ta wata hanya ta zo, tsabtace tafkin aka yi daga ƙazantar gari da takin gona har sinadarin fosfaras da ya haura maikurogiram 80 a lita wajen 1980 ya dawo ƙasa da 10, ƙananan halittun da kifin ke ci suka ragu, ga wani ɗan kifi mai ƙaya da ya mamaye tsakiyar ruwan yana cin abincin yana cin 'ya'yan. Kifin ya rage saurin girma, kamu ya faɗi har a 2022 tan 21 kacal aka samu, ƙarshe dai aka rufe kamunsa na shekara 3 daga Janairun 2024. Na kawo shi ne don a ga ko a ƙasar da ake auna komai da na'ura, in abinci bai ishi kifi ba jikinsa ne ke fara nunawa sannan ƙwansa.

Gyaran da aka yi ba wani mai tsada ba ne. An janye ruwan kakaf aka bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, don in ka bar ko ɗan kwatami ɗaya da ruwa toh 'ya'ya na ciki, aka watsa farar ƙasa, aka ɗaura raga mai ƙaramin ido a bakin bututun da ke shigo da ruwan kanal tunda ta nan ma baƙi ke shigowa. Ƙananan da aka kwashe wasu tsohon nan ya saya, sauran aka shanya aka niƙa aka haɗa da dusa. Daga cikin masu zanen wutsiya aka zaɓi waɗanda suka ɗan tasa, masu giram 30 zuwa 50, aka zauna rabon mace da namiji da hannu.

Wannan aikin sai da haƙuri. Za ka kifar da kifin a tafin hannu cikinsa na sama, bayan dubura akwai wani ɗan tsiro, na namiji ɗan siriri ne mai tsini da ƙofa ɗaya a ƙarshe, na mace ya fi faɗi kuma akwai wata 'yar tsaga a kwance a tsakiyarsa inda ƙwai ke fitowa. In ido bai gani sai a ɗiga shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo a goga da auduga, tsagar ta fito raɗau. Yaron da aka zarga da sata shi ya fi kowa iyawa, kafin azahar ya daina ma amfani da shuɗin, yana ɗagawa zai ce mace ya jefa baho. Amma komai ƙwarewa sai an yi kuskure, kuma mata 'yan kaɗan sun isa su maido da hannun agogo baya, shi ya sa na ce a jira sai karfasar ta yi girman da ba za ta haɗiyu ba sannan a saka tarwada 'yan madaidaita su riƙa share 'ya'yan da za a haifa. In ka saka manyan tarwada da wuri kuma toh ka ba su walima ne da jarinka.

Manyan matan da suka rage kuwa na hana a soya su, aka yi musu ɗan ƙaramin kandami daban da maza kaɗan, can ne wajen iri, kuma can birgi ba ya shiga ko wane baƙo ne ya zo.

Zagaye na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba, masu gashi sun saya, duk da an sake ganin ramuka a gefe kuma da aka kwashe akwai 'yan ƙanana da suka tsere wa tarwadar. Inda muka rabu da Baba Alhaji har yanzu shi ne maganar irin da ake sayarwa maza zalla, wanda masu ƙyanƙyasa ke ba wa abinci mai sinadarin namiji na kwana 21 zuwa 28 tun suna 'yan kwanaki, fiye da kashi 90 cikin 100 su tashi maza. Ni ina ganin ga mai son ya yi kasuwanci da gaske wannan ya fi sauƙi da tabbas, in dai an samu wajen amana, don akwai masu sayar maka da gauraye su ce maza ne kuma ba za ka gane ba sai bayan wata biyar. Shi kuma ya ce kifin da aka juya wa halitta ba zai ci ba balle ya sayar wa mutane, na yi masa bayanin cewa maganin na ƙarewa daga jikin kifin tun watanni kafin ya isa ci, ya ce ya ji amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Don haka rabon hannu ake ci gaba da yi, ya ƙara wa yaron albashi kan wannan aikin, yanzu ma har masu kandami biyu na kusa suna aron sa ranar da za su zuba iri.